Alkawari Kaya Ne: Jami'o'inmu da Itatuwan Damagum

A wannan mako za mu bar zancen siyasa ya huta, mu tsaya a bakin hanya a garin Damagum, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Fune ta Jihar Yobe, domin akwai wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, wadda kuwa ta shafi malaman jami'a da manoma baki ɗaya.

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta tashi daga Potiskum ta nufi Damaturu ya san Damagum. Kwanakin baya, cikin tsakiyar bazara, motar da na shiga ta tsaya a can domin a yi wa taya faci, ni kuwa na sauka in miƙe ƙafa. Abin da ya fara ɗaukar hankalina shi ne ɗaurin itace da buhunan gawayi da aka jera a gefen titi, suna jiran masu motoci. Na tarar da wani dattijo a inuwar darbejiya yana tsaron nasa, muka gaisa, na ce, "Baba, ina ake samo itace haka?"

Ya ce, "Ɗana, sa'ad da muke yara, in uwarmu ta aike mu itace, kafin ruwan tuwo ya tafasa mun dawo. Yanzu kuwa sai yaro ya ɗaura amalanke tun da asuba, ba a ganinsa sai la'asar."

Na ce, "To, Baba, ba ku tsoron ya ƙare?"

Ya yi murmushi ya ce, "Malam, wa ya fi ni sanin zai ƙare? Amma yaran da na bari a gida ba su san gobe ba, cikinsu yau ya sani."

Da na tambaye shi ko masu ilmin zamani sun taɓa zuwa sun yi musu bayani a kan wannan al'amari, sai ya ce, "Sun taɓa zuwa da takardu, suka yi mana tambayoyi, suka rubuta, suka shiga motarsu. Har yau ba mu ji abin da takardar ta ce ba."

Wannan amsa tasa ta ƙarshe ita ce ta bi ni har gida, ita ce kuma dalilin wannan rubutu.

A 'yan shekarun nan babu maganar da ta fi yawo a bakin shugabannin jami'o'i na duniya kamar ta cigaba mai ɗorewa. Maganar ta yi ƙarfi ne tun daga shekarar 1987, lokacin da wani kwamiti na Majalisar Ɗinkin Duniya, ƙarƙashin shugabancin Gro Harlem Brundtland ta ƙasar Norway, ya fitar da rahotonsa. Abin da ake nufi a taƙaice shi ne mutanen yau su biya bukatunsu ba tare da sun cinye rabon 'ya'ya da jikoki ba. Bahaushe kuwa bai jira rahoto ba kafin ya san wannan. Kowane manomi ya san komai tsananin yunwa ba a daka iri. Zangarniyar da aka keɓe a rumbu domin shuka, ko yara na kuka ba a taɓa ta, domin wanda ya ci irinsa ya ci gonarsa ta baɗi. Itace da ƙasar noma da ruwan rijiya duk iri ne, sai dai su nasu rumbun na jama'a ne baki ɗaya.

A cikin watan Oktoba na 1990, shugabannin jami'o'i 22 daga sassan duniya suka taru a wani ƙaramin gari mai suna Talloires a ƙasar Faransa, suka sa hannu a kan wata takardar alkawari mai sharuɗɗa goma. Sun yi alkawarin cewa jami'o'insu za su koyar da tattalin ƙasa da albarkatunta, su yi bincike a kansa, su zama abin koyi a cikin harabarsu, sa'an nan su kai ilmin ga jama'ar da ke kewaye da su. Abin da watakila da yawa daga cikin masu karatu ba su sani ba shi ne, a cikin waɗanda suka fara sa hannu akwai 'yan Nijeriya biyu, watau Farfesa Adamu Nayaya Mohammed, shugaban Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya a wancan lokaci, da Farfesa Ayo Banjo na Jami'ar Ibadan. Ashe ke nan ba a baya aka bar mu ba wajen ɗaukar alkawarin. Alkawari kuwa, in ji masu iya magana, kaya ne.

Adalci ne mu faɗi cewa an taɓuka. Jami'ar Bayero ta Kano ta kafa cibiyar nazarin noma a busassun ƙasashe a 2012, wadda daga baya Bankin Duniya ya zaɓe ta cikin manyan cibiyoyin ilmi na Afirka. A watan Satumba na 2019 kuma aka buɗe tashar wutar lantarki ta hasken rana mai ƙarfin megawat 7.1 a wannan jami'a. Jami'ar Maiduguri tana da cibiyarta ta nazarin yankunan da ke fama da ƙarancin ruwa. A Jihar Yobe kanta, jami'ar jiha da aka kafa a Damaturu a 2006 tana da cibiyar binciken hamada da lura da gurgusowarta, ga kuma Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, a bakin yankin da rairayi ke binne gonaki a ƙasashen Yusufari da Yunusari. Ba kuwa a cikin kwanciyar hankali malaman wannan yanki suka yi aikinsu ba. Ba mu manta da ɗaliban Kwalejin Aikin Gona ta Gujba da aka kashe a ɗakunan kwanansu a watan Satumba na 2013 ba, Allah ya jiƙansu. Wanda ya tsaya ya koyar a irin wannan hali ya cancanci yabo.

Amma fa ga inda gizo ke saƙar. Da me za a auna cika alkawarin jami'a? In an ce da yawan cibiyoyi, ko da yawan tarurruka, ko da kyawun furannin da ke bakin ofishin shugaba, to, mun kusa cin jarrabawa. Ni a nawa ganin, ba a cikin katangar jami'a ma'aunin yake ba. Yana gonar wannan dattijo na Damagum, da murhun matarsa, da nisan da ɗansa ke yi da amalanke. In bayan shekara ashirin da kafa jami'a a jiha tafiyar neman itace ta ƙaru maimakon ta ragu, to, akwai sauran aiki, komai yawan kundayen digirin da aka jera a ɗakin karatu.

Bari in ba da misali da abin da muka fi ƙwarewa a kai, watau bikin dashen itatuwa. Na taɓa halartar irin wannan biki a wata babbar makaranta. An kafa rumfuna, an jera kujeru, babban baƙo ya durƙusa da babbar rigarsa ya dasa itace guda, aka zuba ruwa, aka yi tafi, aka ɗauki hoto, sa'an nan aka sanar da dubban itatuwan da za a dasa. Da na sake bi ta wurin bayan rani biyu, sai na tarar da ramuka da guntayen leda, awaki suna kiwo a kai. Itacen babban baƙo kaɗai ya tsira, domin shi aka kewaye da waya. Kuskurenmu shi ne muna ƙidaya abin da aka dasa, ba mu ƙidaya abin da ya rayu. Da haihuwar yuyuyu kuwa gara ɗa ɗaya ƙwaƙƙwara.

Ba mu kaɗai ke da wannan ciwo ba. A 2007 Tarayyar Afirka ta amince da shirin Babbar Koriyar Ganuwa, watau shingen itatuwa mai tsawon kimanin kilomita 8,000 daga Senegal zuwa Jibuti. Nijeriya ta kafa hukumar da ke kula da shi a 2015, kuma Yobe na cikin jihohi 11 da shirin ya ratsa. Amma rahoton da aka fitar a 2020 ya nuna cewa a cikin hekta miliyan 100 da ake burin farfaɗowa kafin 2030, kimanin miliyan 4 kawai aka cim ma a yankin da aka shata. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Dashen da aka reno a leda jariri ne. Yana bukatar ruwa wata takwas na rani, yana bukatar tsaro daga akuya da gara da wutar daji, sa'an nan yana bukatar mai shi. Itacen gwamnati kuwa maraya ne.

Yanzu sai mu leƙa maƙwabta, mu ga inda aka dace. A ƙasar Maraɗi ta Jamhuriyar Nijar, bayan farin shekarun 1970, ƙungiyoyi sun yi ta dashe yana mutuwa. A wajajen 1983 wani Bature ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda shi ma ya gaji da dashen da ba ya kamawa, ya lura cewa 'yan tsire-tsiren da manoma ke sarewa kowace shekara lokacin sharar gona ba ciyawa ba ne, tohon kututturan itatuwa ne waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai a ƙarƙashin ƙasa. Ashe dajin bai mutu ba, binne yake. Dabarar da aka bi ba ta bukatar leda ko tankin ruwa. Manomi zai zaɓi toho biyu ko uku mafiya ƙarfi a kan kowane kututture, ya yanke sauran, ya riƙa rage rassan ƙasa, ya bar shi ya tashi. Da yake saiwar ta riga ta yi zurfi, cikin shekara uku ko huɗu sai ga itace ya wuce tsayin mutum, rassan da ake ragewa kuma su ne na girki. Mutanen can suka sa wa abin suna sassaben zamani.

Farin 1984 ya sa jama'a suka karɓi dabarar, daga nan ta riƙa tafiya daga gona zuwa gona, maƙwabci na koya daga maƙwabci. Wani abu kuma da ya taimaka ƙwarai shi ne sassaucin da aka samu wajen dokar daji, har manomi ya sakankance cewa itacen da ya rena a gonarsa nasa ne, malamin daji ba zai ci shi tara ba in ya sari reshe. Bayan shekara ashirin, da masu bincike, har da malaman jami'ar Yamai, suka gwada hotunan tauraron ɗan Adam na da da na yanzu, sai suka iske kimanin hekta miliyan 5 sun farfaɗo a yankunan Maraɗi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Da yawansu gawo ne, itacen nan mai abin mamaki da ke kakkaɓe ganyensa da damina, ya bar wa gero rana, ya fitar da sabo da rani, dabbobi su sha inuwa su ci 'ya'yansa su bar taki, saiwarsa kuma na ƙara wa ƙasa sinadarin naitirojin. Kakanninmu sun san geron gindin gawo ya fi na fili. Masana daga baya suka zo suka auna suka tabbatar.

To, jama'a, Damagum ta fi Maraɗi samun ruwan sama. Gawo da kalgo da sabara da magarya da aduwa duk 'yan gida ne a ƙasar Fune. Me ya hana gonakinmu su yi abin da na Maraɗi suka yi? Wannan ita ce irin tambayar da aka kafa jami'a domin ta amsa.

Na san wani zai ce jami'a ba Ma'aikatar Gona ba ce, aikinta koyarwa da bincike, kai ilmi ga manomi kuwa aikin malaman gona ne. Akwai ƙanshin gaskiya a wannan, amma tarihinmu ya nuna iyakarsa. Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda ta samo asali tun 1922, ta koma ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello a 1962, kuma irin wake da gyaɗa da dawa da masarar da ta fitar sun shiga gonakin Arewa saboda an bi su da ƙafa har ƙauye. Haka nan marigayi Michael Mortimore, wanda ya koyar da labarin ƙasa a Zariya daga 1962, daga baya ya koma Jami'ar Bayero, ya shafe fiye da shekara goma yana komawa ƙauye guda, Dagaceri, kusa da iyakar Jigawa da Yobe ta yanzu, yana lura da yadda mutane ke fama da fari. Abin da ya gano shi ne manomin Arewa ba jahili ba ne mai ɓata ƙasa, mai dabara ne wanda ke sauya iri da sana'a da wurin kiwo gwargwadon yadda damina ta zo. Bai gano haka ba sai da ya zauna a tabarma ya saurara, shekara bayan shekara. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Saboda haka ga 'yan shawarwarina ga jami'o'in da ke Damaturu da Gashuwa da Maiduguri, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Potiskum, da duk wata makarantar da ta ɗauki irin wannan alkawari.

Da farko, a sauya lissafi. Duk jami'ar da ta yi dashe, ta koma bayan rani uku ta ƙirga waɗanda suka rayu, ta buga adadin a fili, ko da ya zama abin kunya. Jami'a gidan gaskiya ce. In ta koya wa ɗalibanta ƙidayar biki, wa zai koya musu ƙidayar gaskiya?

Na biyu, jami'a ta fara da murhunta. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, tsadar rayuwa ta mayar da gidaje da yawa na birni ga gawayi da itace, har da gidajen ma'aikata masu albashi. Buhun gawayin da ke bakin titi a Damagum ba mutumin Damagum zai ƙona shi ba, birni za shi. Kowace makaranta ta bincika nawa ne itacen da masu dafa wa ɗalibanta abinci da masu gasa musu burodi ke ƙonawa a wata, sa'an nan sashen injiniyoyinta ya zauna da maƙeran gari su ƙera murhu mai tsimin itace, wanda kuɗinsa bai fi ƙarfin talaka ba. Ba daidai ba ne mu yi wa mai gatari wa'azi alhali da itacensa aka dafa tuwon da muka ci kafin mu hau mumbari.

Na uku, kowace jami'a ta ɗauki ƙauyuka ƙalilan ta riƙe su riƙon zumunta, ba na ziyarar yini guda ba. A nemi izinin fadar Sarkin Fune da hakimai da dagatai, a sami manoma masu sha'awa a Damagum da Ngelzarma da Jajere, a gwada sassaben zamani a rabin gona a bar rabi yadda aka saba, a auna amfanin da kowane ya bayar shekara biyar a jere. Ɗaliban shekarar ƙarshe su yi bincikensu a nan, na bana ya ɗora daga inda na bara ya tsaya. A kafa ma'aunin ruwan sama a makarantun sakandare, yara su riƙa rubutawa. Wannan ba ya bukatar miliyoyi, naci yake bukata.

Na huɗu, kada a manta da makiyayi. Potiskum na da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma, kuma duk shirin renon itace da bai sa Bafillatani a cikin shawara ba, shirin rigima ne. A zauna da arɗo tun farko, a san burtali, a san lokacin da dabba za ta shiga gona bayan girbi, a san reshen da aka yarda a sara da wanda aka hana. Haka nan malaman shari'a na jami'a su duba dokokin daji, su ba gwamnati shawara yadda manomi zai mallaki itacen da ya rena.

Na biyar, a nema wa mai gatari abin yi. Yobe ƙasar ƙaro ce, har akwai tashar binciken ƙaro a Gashuwa, ƙaron dakwara kuwa kasuwarsa har Turai, domin ana sa shi a lemon kwalba da alewa da magunguna. Ran da mutum ya ga tsayayyen itace ya fi sararre kawo masa kuɗi, ba sai an sa masa ɗan sanda ba.

Na shida, kuma shi ne uwa uba, a mayar wa mutane da amsarsu. Duk binciken da aka yi a ƙauye, a koma dandalin garin a faɗa musu abin da aka gano, da Hausa da Barbarci da Fillanci da Ngizimanci da Karekare, a kuma sa a rediyon jiha. Ilmin da aka karɓa daga bakin talaka aka kulle da Turanci a cikin kabad, bashi ne da ba a biya ba.

Gwamnatoci su ma da nasu kason. Binciken ƙasa da itace ba ya son yankewa. A 2022 jami'o'in tarayya sun shafe wata takwas a rufe saboda yajin aikin malamai, itace kuwa bai san yajin aiki ba, damina ma ba ta jira. Mun kuma ga yadda shirin raya yankin arewa maso gabas mai ƙarancin ruwa, wanda aka kafa a ƙasar Gashuwa da tallafin Tarayyar Turai, ya raunana bayan an janye tallafin a tsakiyar shekarun 1990. Wanda ya dogara da rijiyar maƙwabci, ran da aka rufe ƙofa sai ya kwana da ƙishi. Ya kamata jihohi da asusun tallafa wa manyan makarantu su keɓe kuɗi na dogon lokaci domin irin wannan aiki, komai ƙanƙantarsu, muddin ba za su yanke ba.

Darbejiyar da na tarar da dattijon nan a inuwarta baƙuwa ce a ƙasarmu. Daga Indiya asalinta yake, kuma a wajajen 1928 aka fara dasa ta a Borno. Waɗanda suka dasa ta suka yi ta ɗawainiyar ba ta ruwa sun daɗe da barin duniya, ba su san shi ba, shi ma bai san sunansu ba, amma ga shi yana cin kasuwa a inuwarsu. Malamanmu na jami'a, ku ma abin da ake nema gare ku ke nan. Ni dai na yi niyya, in Allah ya sa na sake bi ta Damagum, in tsaya in tambayi Baba ko masu takardun nan sun dawo. Ina fata ya ce mini sun dawo, har sun sha fura sun leƙa gona.

Mu kwana nan. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.